Dakta Mai Aski da Ƙwayoyin Matarsa

Ba likita ba ne, mai aski ne. Sunan Dakta ba makaranta ce ta ba shi ba, bakinsa ne ya jawo masa. Duk wanda ya zauna a kujerarsa aka ɗaura masa ƙyalle a wuya, kafin a gama gyara masa gefe guda an gaya masa ciwon da ke jikinsa da wanda zai kama shi baɗi. Mutumin da aska ke kan maƙogwaronsa ba ya musu. Wannan shirun da mutane suke yi don gudun yanka, shi Dakta ya ɗauka shaidar iliminsa ce.

Shagon ɗaki ɗaya ne a bakin titi. Akwai kujera mai juyawa da ta daina juyawa, da fanka mai ƙara kamar tana neman gafara, da benci na masu jira, da babban madubi mai tsaga a kusurwa. Tsallaken titin ƙaramin asibiti ne, kuma Laraba ce ranar tsarin iyali. Matan da suka zo sukan jera a kan dogon benci a baranda suna jiran a kira su. Madubin Dakta yana ɗauko barandar nan kaf, saboda haka mazan da ke shagon ba sa ma wahalar juya wuya. Suna zaune sun ba wa titi baya kamar mutanen kirki, idonsu kuwa yana kan matan mutane.

Biyu daga cikinsu ba sa fashi. Ɗaya Mai Faci ne, mai gyaran taya a gefen shagon, wanda ya fi zama a bencin Dakta a kan gaban aikinsa. Ɗayan Tsohon Direba ne, wanda kansa babu gashin da za a aske, amma kullum yana layi.

"Dakta, ga ta can ta dawo," in ji Mai Faci. "Mai jan gyalen nan. Allura ko ƙwaya?"

"Ƙwaya ce," in ji Dakta, bai ko ɗago ba. "Ka dubi ƙibar. Ba ƙibar jin daɗi ba ce, kumburi ce. Ƙwayar nan ba ta narkewa. Taruwa take yi a ciki, ɗaya kan ɗaya, kamar tsakuwa a kwalba. Ranar da kwalbar ta cika, shi ke nan."

"Kai! Allah ya sawwaƙe," in ji Tsohon Direba. "Ni dai tawa ko sunan abin ba ta sani ba."

"Taka ai ta wuce wurin, Baba. Motar da aka cire wa inji ba a saya mata birki," in ji Dakta.

Aka tuntsire da dariya. Dakta ya ɗaga almakashi sama, alamar huɗuba ba ta ƙare ba.

"Ni a gidana? Ranar da na ga ƙwayar nan a gidana, ranar wani zai kwana a waje. Namijin da ya bar matarsa ta zauna a bencin can, a ɗaura masa zane kawai."

To, ku ji abin da madubi ba ya nunawa. Ƙwayar nan tana gidan Dakta tun ƙaramar 'yarsa tana goye, yarinyar da yanzu ta kusa gama sakandare. Ba matarsa ce ta sato hanya ba. Shi ne ya kawo shawarar, bayan haihuwar ƙarshe da ta zubar da jini har aka fara fid da rai da ita. A wannan kam ya yi hankali, kuma ba zan hana shi ladansa ba. Shi ne kuma yake sayowa da hannunsa. Yakan hau mota ya tafi can ƙarshen gari, wani kemis da ba wanda ya san fuskarsa, ya ja hula ya rufe goshi, ya miƙa tsohon kwali ya ce a ba shi irinsa. Ranar farko mai kemis ya yi masa tambayoyi: shekarar matar nawa, tana da hawan jini, tana ciwon kai? Dakta ya ce ashirin da biyar, lafiyarta ƙalau. Ko a lokacin ma ya rage mata wasu. Tun daga ranar amsar ta zauna a bakinsa kamar karatun yara. An canza masu tsaron kemis ɗin ba adadi, an sake fenti, an sake ƙofa, amma matar Dakta tana nan a ashirin da biyar. Mace ta farko ke nan da mijinta ya hana ta tsufa don ya huta da tambaya.

Matar kuwa ta haura arba'in da ɗoriya. Mai Keke ake ce mata, don ɗinki take yi a falon gidansu, keken yana jikin taga inda haske ya fi, guntayen yadi a cikin kwando, alli da tef a kan tebur. Mace ce mai ƙarancin magana. Wadda ta auri Dakta dole ta koyi shiru, don maganar gidan an riga an ba mutum ɗaya.

Ciwon kai ne ya fara. Ba irin wanda ake sha masa ruwa a kwanta ba. Kafin ya zo sai ta ga wani ƙyalli a gefen ido, kamar fasasshen gilashi yana rawa, rabin allura ya ɓace mata, ta yi ta soka zare a iska. Daga nan sai kan ya ɗauka gefe guda, har ƙarar keken ta zame mata guduma.

"Ina so in je a auna ni," ta ce masa wata safiya yana shan shayi.

"A auna ki ina?"

"Nan tsallaken shagonka. An ce masu shan ƙwayar nan ana duba musu jini lokaci-lokaci. Ni ba a taɓa duba ni ba."

Ya ajiye kofin. "Kin san abin da kike faɗa kuwa? Ki zauna a bencin can, a gaban madubina? Ki kashe ni da raina?"

"To ka kai ni wani asibitin."

"Ko'ina kika je akwai ido. Gajiya ce kawai. Kin cika sa wa allura ido. Ga wannan, ki sha biyu."

Ya zaro maganin ciwon kai daga aljihu ya ajiye mata. Haka aka yi ta yi. Ta ce kai, ya ce biyu. Ta ce jiri, ya ce biyu. Da ta ce za ta daina shan ƙwayar gaba ɗaya, sai ya tuna mata jinin da ta zubar, ya tambaye ta ko marayu take son bar masa. Ga shi ba ya son ta daina, ga shi ba ya son a san tana sha. Mutum ya kafa tukunya a wuta ya hana a buɗe murfi, sannan ya yi mamaki in ta yi bori.

Bari in faɗi gaskiya ba kwana-kwana. Maganin nan ba dafi ba ne, kuma ba alewa ba ne. Mata da yawa sun sha shi shekara da shekaru suka tashi lafiya, suka haihu lokacin da suka so. Amma magani ne, kuma jikin mace ba ya tsayawa wuri ɗaya. Abin da ya dace da ita tana yarinya ba lallai ya dace da ita ba in shekaru sun ja, jini ya hau. Wannan ba sai an je babbar makaranta ba. Awo ne na ɗan lokaci, a ɗaura maka abu a hannu a matsa. Abin da ya tsaya tsakanin Mai Keke da wannan awon ba nisa ba ne, faɗin titi ɗaya ne da girman kan mijinta, kuma na biyun ya fi faɗi.

Wata Talata da rana tana yanka yadin wata amarya sai almakashi ya zame daga hannunta ya faɗi. Ta sunkuya ta ɗauka, hannun dama ya ƙi rufuwa. Yayarta tana zaune a gefe, ta zo karɓar ɗinki. Mace ce mai faɗin ƙirji da faɗin murya, wadda ta yi aure biyu ta fito ba wanda ya ga hawayenta.

"Ke, lafiya? Me ya sami bakinki?"

Mai Keke ta buɗe baki za ta ce ba komai, maganar ta fito a murɗe kamar ta mai barci. Yaya ta riƙe ta ta kwantar. Bayan ɗan lokaci harshen ya saki, hannun ma ya ɗan dawo, sai dai yatsu biyu da suka zama kamar na aro.

Da Dakta ya dawo aka gaya masa, ya taɓa goshinta da bayan hannu, ya ja fatar idonta ƙasa, ya yi gyaran murya.

"Sanyi ne ya shiga jijiya. Fankar nan ce da take kwana a kanta."

"Sanyin gidanku," in ji Yaya. "Me take sha? Na ga wani kwali a ƙarƙashin zaren keke."

"Yaya, wannan maganar cikin gida ce."

"Ni a waje aka haife ni? Uwa ɗaya ta goya mu. Gobe zan kai ta."

"Gobe Laraba!" Ya faɗa da ƙarfi har muryarsa ta sirance. "Ku bari sai jibi mana. Jibi ba kowa a barandar. Ni da kaina zan…"

"Ka ji shi," in ji Yaya, ta juya ga ƙanwarta. "Ciwonki ya duba kalanda tukuna."

Mai Keke ba ta ce komai ba. Tana kwance tana murza yatsun nan biyu da hannun hagu, tana kallon rufi. Dakta ya ɗauka shirun nan irin na kullum ne, ya kwanta da kwanciyar hankali. Da ya san mata da rabin yadda yake faɗa a shago, da ya san ba duk shiru ne yarda ba.

Washegari da hantsi shagon ya cika. Mai Faci ne a kujera, an aske masa rabin kai, ɗaya rabin yana jira. Dakta yana tsakiyar bayanin yadda allurar tsarin iyali take busar da ƙashi ya koma kamar rake da aka tsotse, sai Tsohon Direba ya miƙa wuya wajen madubi ya ƙanƙance ido.

"Dakta, waccan mai shuɗin mayafin… kamar na san tafiyar nan."

Injin aski ya ci gaba da kuka a hannun Dakta, amma hannun ya tsaya. Ga matarsa a madubi, ta zauna a tsakiyar bencin, ba a ƙarshe ba inda ginshiƙi zai kare ta. Yaya tana gefenta ta harɗe hannu, tana kallon shagon kai tsaye.

"Ai… ɗinki ne," in ji Dakta. "Ma'aikatan ne suka ba ta ɗinkin fararen riguna. Awo ta zo ɗauka."

"Awo kam za a yi," in ji Mai Faci a ƙasan maƙoshi.

"To me ya sa ta bi layi?" in ji Tsohon Direba, shi da gaske yake tambaya.

"Tarbiyya ce. Matata ba ta tsallake layi."

Ba wanda ya yi dariya, kuma rashin dariyar ya fi dariyar ciwo. Aka kira ta ta shiga. Dakta ya koma kan Mai Faci yana aske wuri ɗaya har fatar ta yi ja. Can sai ga Yaya ta tsallako titi, ba ta ko duba mota ba, ta tsaya a ƙofar shagon ta toshe haske.

"Sannunku da aiki, masu kallo. Dakta, Sista tana kira. Ta tambayi wanda yake ba ta ƙwayar shekara da shekaru, matarka kuma ta ce a kira ka ka yi bayani da bakinka, tunda kai ne likitanta."

Wanzami dai ba ya son jarfa. Dakta ya kashe inji, ya rasa inda zai ajiye shi, ya tsallaka titi da shi a hannu, ya bar Mai Faci da rabin kai kamar gonar da ruwa ya yanke wa manomi.

Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, gadon duba marasa lafiya, labule kore. Mai Keke tana zaune, abin awon jini a ɗaure a damtsenta. Sista, ma'aikaciyar jinyar, mace ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya, kuma ba ta da lokacin wasa. Kwalin ƙwayar yana gabanta.

"Malam, kai kake sayo wannan?"

"To… wani lokaci."

"Kullum," in ji Mai Keke.

"Da kake saye ba a tambayarka shekarunta?"

"Ana tambaya."

"Me kake cewa?"

"Ashirin da biyar." Ya fita ne kafin ya kama shi.

Yaya ta tafa hannu. "Ashirin da biyar! Babban ɗanta gemu gare shi! Ashe tare aka haife su!"

Sista ba ta yi murmushi ba. "Jininta ya hau sosai. Irin wannan ƙwayar ba a ba wa mai hawan jini, ba a ba wa mai ciwon kan da ke zuwa da ƙyalli a ido, balle a shekarunta. Tana iya sa jini ya daskare ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Abin da ya same ta jiya gargaɗi ne, kuma jiyan ya kamata a kai ta. Daga yau ta daina sha. Yanzu za ku wuce babban asibiti, ba gida ba."

Dakta ya ji ƙasa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa. "Ai na sha faɗa! Taruwa take yi a ciki, kamar tsakuwa a…"

"Ba ta taruwa ko'ina. Da an auna ta tun da ciwon kan ya fara, da an canza mata wata hanyar da ta dace da ita, ta ci gaba da harkarta. Akwai su. Matan da ka gani a waje abin da ya kawo su ke nan. Ka nemo mota."

Ya juya zai fita, sai ya tsaya, ya rage murya. "Sista, babu ƙofar baya?"

Wannan ita ce tambayar da mutumin ya yi, matarsa tana zaune da hannun da ba ya rufuwa. Na rubuta ta yadda ya faɗe ta, ban ƙara gishiri ba, don ba ta buƙata.

Mai Keke ta zare hannunta daga abin awon, ta gyara mayafi da hagu. Maganarta tana fita a hankali, kalma-kalma, amma kowace ta fito.

"Ta gaba na shigo. Ta gaba zan fita. Kuma kai za ka riƙe ni."

Haka aka yi. Tasi ta tsaya daidai ƙofar shagon, don a nan ne kawai akwai wurin tsayawa. Dakta ya fito da matarsa a kafaɗa, injin aski yana leƙowa daga aljihunsa. Matan baranda suka matsa suka ba su hanya suna yi mata sannu, mai jan gyalen nan har da riƙe mata jaka. Mazan shagon kuwa a karon farko suka juyo da wuyansu suka kalli titi da idonsu. Mai Faci yana bakin ƙofa da ƙyalle a wuya.

"Dakta, rabin kan fa?"

"Ka sa hula!" in ji Yaya, ta ja ƙofar mota.

An kwantar da ita a babban asibiti, aka yi hoton kai, aka ga inda jinin ya ɗan toshe. Likitoci suka ce ta auna arziki. Ta fito da maganin hawan jini da za ta daɗe tana sha, aka kuma sa mata wata hanyar tsarin iyali wadda babu ruwanta da jini. Harshe ya dawo daidai. Ƙafa tana taka keke kamar da. Amma yatsun nan biyu ba su dawo duka ba. Tana iya tura yadi a ƙarƙashin allura, tana iya riƙe alli. Almakashi ne ya gagara. In ta matsa sai ya tauna yadin maimakon ya yanka. Tela da ba ya yanka rabin tela ne, kuma ita ta fi kowa sani.

Kada ku zaci Dakta ya tuba. Irinsu ba sa tuba, sabon wa'azi suke nema. Bai yi mako ba ya gano cewa abin da ya faru hujjarsa ce. A shago ya riƙa cewa, "Ni da nake gaya muku illar ƙwayar nan, kun ga har gidana ta shiga." Mazan suna gyaɗa kai, don aska tana wuyansu. Mai Faci ne kawai ya koma aski a wani wuri.

Kuskurensa shi ne da ya kawo wa'azin gida. Wata safiya ya tarar da ita a gaban tebur, ta shimfiɗa yadi ta zana shi da alli, ta tsaya tana kallon almakashi. Ya tsaya a bayanta da kofin shayi, ya yi ajiyar zuciya irin ta masu hikima.

"Kin gani ko? Maganin Bature ke nan. Ni dama tun farko raina bai kwanta da shi ba."

Ta juyo ta dube shi, kallon da ba ta taɓa yi masa ba tun aurensu.

"Baban yara, ƙwayar nan ba ta taɓa hawa mota ta zo gidan nan da ƙafarta ba. Kuma ba ita ta ce in jira jibi ba."

Ya buɗe baki.

"Ajiye kofin," ta ce. Ta ɗauki almakashin da hagu ta miƙa masa ta wajen mariƙi. "Kai ma ai da shi kake ci. Ka bi layin allin, kada ka shiga ciki. In ka gama wannan, akwai uku a kwando. Mai kayan tana zuwa da yamma."

"Shago fa? Mutane suna jira…"

"Su jira. Gashi ba ya gudu."

Ya ajiye kofin. Ya sunkuya a kan tebur, ya sa bakin almakashi a gefen yadin, ya fara bin layin a hankali, ita kuma tana tsaye a kansa tana riƙe ɗaya gefen.

"Ka karkace," ta ce. "Koma baya. Kuma yadi ba a yi masa hira."